Huji Na Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Valparaíso,
garin da aka baza a jikin tuddai kamar shanya.
Matakala ɗari da sittin daga bakin teku zuwa ƙofar Leontina,
nakan haye su da jaka a kafaɗa, ina fito.
Burodi huɗu da safe.
Wake da kabewa da rana, kwano biyu.
Da dare soyayyen kifi, har in suɗe takardar.
Ban san inda suke zuwa ba.
Cikina a lokacin murhun gidan biki ne,
ko ɗanyen icce ka jefa, toka za ka kwasa.

Bel ɗin nan Eulalia ce ta saya mini
ranar da aka ba ni hula da jaka.
Huji biyar gare shi, a na can ciki nake ɗaurawa,
bakinsa na reto kamar harshen kare.

Yau na kai wa Baldomero mai gyaran takalma.
Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki basilla,
ya auna da babban yatsa, daf da bakin fatar,
ya ce, "Evaristo, wannan shi ne na bakwai.
Daga shi sai dai a nemo wata saniyar."
Muka yi dariya.
Tasa teɓar ma ta riga tawa rawa.

Abin da ke ci mini rai:
burodi ɗaya nake ci yanzu. Ɗaya!
Na yi hannun riga da sukari tun bara waccan.
Amma ko ƙamshin gashi na shaƙa a hanya
sai in ji maɓallin rigata yana neman agaji.

Likitar, yarinya ce sa'ar jikata,
ta ɗora ni a sikeli, ta yi zane a bayan takarda.
Wai tsoka ce mai cin itacen,
ita kuwa zarewa take a hankali,
ba sallama, ba sai gobe.
Wutar ba ta mutu ba, in ji ta, garwashi ta koma,
abin da bai ƙone ba kuma jiki ya adana,
kamar tsohuwa mai tara gwangwanaye.

Ya adana wa wa?
Wace yunwa yake hange da ni ban gani ba?

Eulalia ba ruwanta.
Ta ce, "Shekara nawa ina kwana kusa da tsintsiya,
sai da na sami matashin kai za ka yi mini baƙin ciki?"
Ta faɗa tana rage mini man da ke cikin cokali.
Na gani. Na yi kamar ban gani ba.

Da sassafe na wuce tsohon lif ɗin da ke jan mutane zuwa tudu,
wanda tun da na ajiye aiki ya zama ƙafata.
Na tsaya a gindin matakala.
Ba jaka, ba wasiƙar kowa,
ni ne kayan, ni ne mai dako.

A ta arba'in gwiwa ta yi magana.
A ta saba'in da uku na dafa bango,
na yi kamar ina karanta wani talla.
Wani yaro da sabuwar hula irin tawa
ya wuce ni bibbiyu, yana tauna burodi.
Ci, ɗana. Ci.
Duniya rawar 'yan mata ce.

Leontina ta daɗe a ƙasa,
an shafa wa ƙofarta shuɗin fenti.
Na zauna a dokin ƙofar, numfashi na zuga kamar na maƙera,
na sassauta bel,
na dubi teku.

Jirage biyu ne a mashiga.
Ɗaya fanko, yana rangaji a saman ruwa.
Ɗayan ya sha kaya, ya nutse har wuya,
tafe yake sannu, sannu,
ba wanda ya yi masa dariya.

Gobe zan sake hawa.
Wataƙila jibi.